Ƙafar da Ba a Buɗe Ba

Lokacin marka ne, irin wadda ake kwana uku ba a ga rana ba, wanki ya ƙi bushewa, ashana ta ƙi kamawa, gishiri ya narke a cikin kwano. Daminar shekarar ta zo mini a birkice. Sai in tashi da safe in rasa ko Talata ce ko Laraba, don duk ranakun kamarsu ɗaya, kuma mutumin da na saba tambaya ya daina sani. Malam, maigidana, mantuwa ta kama shi. Da farko carbi yake nema alhali yana hannunsa. Daga baya sunayen jikoki suka tafi. Sannan wata safiya na kai masa koko, ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya kamar baƙo, ya ce, "Baiwar Allah, matar gidan ba ta nan ne?" Na ce masa tana nan, tana zuwa. Na koma madafi na tsaya ina kallon tukunya, na rasa abin da na shigo ɗauka.

Ni ba mai dogon karatu ba ce. Sai da na aurar da 'ya'ya biyu sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma har yau in ina rubutu bakina yana motsi. Duk wanda ya ga na kauce hanya a nan ya yi haƙuri, haka abin yake a cikin kaina.

Akwai wata tsohuwar mota a gidanmu. Fara ce a da, yanzu ban san launin da zan kira ta da shi ba. Malam direba ne a ma'aikata, da aka yi gwanjon tsofaffin motoci ya saye ta, ina goyon ɗan fari. A cikin motar nan kaɗai Malam yake dawowa. Duk Juma'a autarmu Safiya, wadda ke koyarwa a makarantar 'yan mata, takan zo daga Hanwa ta ja shi zuwa masallaci, ni ina baya. Da ya ji ƙarar inji sai ya gyara zama, ya fara faɗin hanya kafin a kai, ya ce a sassauta akwai rami a gaba, ko da an cike ramin tun Safiya tana rarrafe. Sai ya waiwayo ya dube ni sosai, ya ce, "Mai-tsafta, kin rufe ƙofarki da kyau?" Sunan da yake kirana ke nan tun muna yara, ba wanda ke kirana da shi sai shi. A mako guda, wannan tafiyar ce kawai nake da miji. Sauran kwana shida ina yi wa wani dattijo mai ladabi hidima ne.

Ruwan ya sa motar ta yi mako biyu a tsaye. Juma'ar da muka fita, muna gangarowa wata mahaɗa, Safiya ta taka birki, sai bayan motar ya yi wata ƙara kamar ana yanka akuya, motar ta ja gefe, ba ta tsaya ba sai da ta kusa taɓa baron wani mai lemo. Ba wanda ya ji ciwo, Allah ya tsare. Amma labari ya kai Kaduna wurin Yayansu, ɗan farina, wanda ba na faɗin sunansa. Ya kira wayar Safiya, ya ce ta buɗe murya in ji.

"Mama, ba gardama zan yi ba. Motar nan ta girme ni ko na girme ta, ban sani ba. Ran Asabar mai zuwa zan zo da mai sayen gwangwan. In Baba yana son fita, a ɗaukar masa keke mai ƙafa uku."

Safiya ta ce, "Yaya, birkin baya ne kawai. Ni zan gyara."

"Ke? Da alli?"

"Da hannun da nake riƙe allin. Kai da ko tayar kekenka sai an canza maka."

Ya yi dariya, amma bai sauka ba. Ya ce to, in ya zo ya ja motar da kansa ya ji birki ya kama, kuma Mama ta ce an yi shi yadda Baba ke yi, ya bar ta. In ba haka ba, ta tafi. Ni ba na iya mayar masa da magana, haka muka taso. Kuma ban san yadda zan gaya wa ɗana cewa ubansa ba ya gane ni a keke mai ƙafa uku ba.

Safiya ta fara zuwa gareji. Samarin wurin suka ce su na'ura suke jonawa ta gaya musu ciwon mota, wannan kuwa ba ta da inda za a jona. Ɗaya ya ce, "Anti, wannan ai sai dai a yi mata addu'a." Tsofaffin da suka san irinta, wasu sun rasu, wasu ido ya tafi. Shi ya sa aikin ya dawo tsakar gida, inda ya fara.

Da can unguwarmu Tudun Wada ba haka take ba. In gari ya waye abin da za ka fara ji shi ne luguden taɓarya daga gida uku ko huɗu, kowane turmi da muryarsa, har ina iya gane wace ce ta makara. Sai ƙarar guga a rijiya, sai kukan jirgin ƙasa daga nesa in iska ta juyo. Tsakar gidanmu fili ne, akwai dogon yaro babba, a ƙarƙashinsa motar take kwana. Yanzu an sare bishiyar, an yanki filin an yi shaguna biyu, ƙofar gidan ma an mayar da ita wancan gefen. Ƙarar janareto ta cinye komai, ko sallama sai an maimaita. Wani lokaci in na tsaya a tsakar gidan sai in rasa ina rijiyar take a da, ni da na shekara da shekaru ina jan ruwa a cikinta.

Sau biyu a shekara Malam ke buɗe birkin baya, kafin ruwa ya sauka da bayan ya ɗauke. Yakan ce gaban mota kowa yana dubawa, baya ne ake mantawa. Sai ya tare ƙafafun gaba da tsohon dutsen niƙa da wani guntun turmi, ya ɗaga baya da jak, ya cire taya. A bayan tayar akwai wani ƙarfe mai zurfi, mu kwano muke ce masa. In an zare kwanon sai ka ga takalman birki guda biyu kamar ɓarin ƙwarya, da sifirin dogo da gajere, da 'yan ƙusoshi, da wani ɗan ƙarfe mai haƙora wanda Malam ke kira tauraro. Tauraron nan shi ke matso da takalman kusa da kwano duk lokacin da suka cinye. Duk abin da ya cire sai ya ɗora a kan faifaina, daidai yadda ya same shi, na sama a sama, na ƙasa a ƙasa. Inna, surukata, tana zaune a tabarma tana tsinke zogale tana mita. "Ƙarfen nan ya fi matarka samun kulawa," in ji ta. Ni kuma kullum abin da take gaya mini shi ne, "Yarinya, kar la'asar ta same ki da abu mai datti a tsakar gida. Baƙo ba ya shiga ɗaki, tsakar gida yake gani."

Ranar da abin ya faru, Malam ya tafi sallar la'asar ya bar aiki a buɗe. Ni ina buƙatar faifai zan yi tankaɗe. Na duba, ga shi cike da baƙaƙen ƙarafa, duk maiƙo da ƙura, ga la'asar ta yi. Sai na juye su a kwanon wanki, na sa toka da sabulu na dirje su tas, har tauraron sai da na bi haƙoransa da tsinke. Na shanya su, sannan na jera su yadda ake jera cokula, manya gefe guda, ƙanana gefe guda. Wallahi ina ta jin daɗi, ina jiran a yaba mini.

Malam ya dawo ya tsaya a kansu. Inna ta ga fuskarsa sai ta yi maza ta ce, "Ni na ce ta kwashe." Ba ita ta ce ba, Allah ya jiƙanta. Malam ya cire hularsa ya sosa kai, ya ce, "Sannu, Mai-tsafta. Tun da aka ƙera su ba su taɓa yin haske haka ba." Sai ya zagaya ɗaya gefen, ya cire taya, ya zare kwano, ya jawo kujerar tsuguno ya ce in zo in zauna. Na ce ina da tuwo. Ya ce tuwo zai jira. Ya ce, "Kin ga dalilin da ba na buɗe ƙafa biyu lokaci ɗaya. Wannan ba a taɓa ta ba. Ki dube ta, ki je ki mayar da waccan. In kin manta ki dawo ki sake dubawa, ba ta gajiya."

Haka na yi ta zagaye motar nan, da goyo a bayana, in duba nan in koma can. Sifirin ya yi tsalle ya buge ni a yatsa, na yi ƙwalla. Na haɗa komai yadda na gani, daidai wa daida, amma kwano ya ƙi shiga, igiyar birkin hannu ta ƙi kaiwa. Na warware na sake, haka. Sai Malam ya kama hannuwana, a gaban uwarsa, abin da bai taɓa yi ba, ya haɗa tafi da tafi. Akwai sauran lalle a jikinsu. Ya ce, "Iri ɗaya ne ko ba iri ɗaya ba?" Na ce iri ɗaya ne. Ya buɗe su ya ce, "To babban yatsan wannan ina ya kalla, na wancan ina ya kalla?" Nan take abin ya faɗo mini. Ƙafafun mota juna suke kallo, kamar hannuwa. Abin da ke dama a can, hagu yake a nan. Kafin magariba kwano ya shige da kansa, ya yi wata 'yar ƙara mai daɗi da har yau ina jinta.

Bai tsaya nan ba. Ya ce saura cire iskar da ta shiga birkin, in hau kujerar direba. Inna ta ce, "La'ilaha! Matar aure a kujerar direba, maƙwabta suna ji?" Shi yana kwance a ƙarƙashi da sifana, yana kira, "Taka. Taka. Taka. Riƙe." Sai in danne, in ji birkin yana nitsewa a ƙarƙashin ƙafata, sai ya ɗaure ya ce, "Saki." Haka har birkin ya yi tauri, ya tsaya kafin gwiwata ta miƙe. Tun daga ranar wannan aikin nawa ne. Ban taɓa jan mota ko taku ɗaya ba, amma ba wanda ya kai ni sanin birkin motar nan da ƙafa. Matan unguwa suna jin "taka, riƙe, saki" ta kan katanga, in mun haɗu a biki su yi ta tsokanata.

To, ran Alhamis Safiya ta je shagon Baban Ngozi, wani dattijon Ibo mai sayar da kayan mota, wanda ya san Malam tun suna da baƙin gashi, Hausarsa kuma ta fi tawa gudu. Ya ba ta sababbin takalma da robobin da ke tsare man birki. Ya aiko a gaishe ni, ya ce shi ma yana da gawar irin motar a bayan gidansa a Tudun Jukun, ya sayar da inji da ƙofofi, kaji ne ke ƙwai a ciki. Na ji maganar, ban riƙe ta ba. Ina madafi ina fama da icen da ya jiƙe, ina jin ƙarar ƙarfe a waje, raina har ya yi sanyi, don an daɗe ba a ji wannan ƙarar a gidan ba. Da na fito sai na ga motar a ɗage, tayoyin baya duka biyu a ƙasa, kwanoni biyu a kife, komai da komai kuma a cikin robar wanki guda, an zuba kananzir ana wankewa.

Na ce, "Safiya, duka biyun kika buɗe?"

"Eh mana, Mama, don a gama da wuri. Kin ga yadda suka yi tsatsa?"

"Kin bar ɗaya kin duba?"

"Ai ga shi a waya." Ta nuno mini. Wani Bature ne da safar hannu, a ɗaki mai haske kamar asibiti, yana haɗa birki. Na duba, na sake dubawa. Na ce wannan sifirinsa uku, namu biyu. Ta karɓa ta matso da hoton, ta ƙirga. Ta nemo wani, shi ma ba irin namu ba. Sai ta zauna a kan taya ta ce, "Na shiga uku. Yaya zai yi shekara yana mini dariya."

Ban yi mata faɗa ba. Da wane baki? Jinina ne ya yi aikinsa.

Muka kai wa Malam robar, yana zaune a baranda. Safiya ta durƙusa ta ce, "Baba, wannan a ina yake shiga?" Ya ɗauki tauraro ɗaya, ya juya shi, ya sa a tafin hannu yana aunawa. Sai ya miƙa mata ya ce, "Ki kai wa mai shi, 'yata, kar ya zo nema." Ya ci gaba da kallon ruwan da ke zuba daga indararo.

Washegari Juma'a na ɗauko faifai da kujerar tsuguno na zauna a gaban ƙafar hagu. In Safiya ta tambaye ni me ke biye, sai kaina ya ɗaure, ban san komai ba. In ta yi shiru sai hannuna ya tafi da kansa ya ɗauko abin da ya dace. Don haka na ce ta daina tambaya, ta riƙa jan sifirin da filaya kawai, ni ƙarfina ya ƙare. Takalma suka zauna, dogon sifirin a sama, gajere a ƙasa, igiyar birkin hannu ta kama. Sai aka zo kan tauraro. Guda biyu ne, kamar tagwaye, amma haƙoran ɗaya sun kwanta haka, na ɗaya sun kwanta haka. Kowanne zai shiga kowace ƙafa, nan ne matsalar. Malam ya taɓa gaya mini cewa in an musanya su, maimakon su matso da takalmi sai su riƙa janye shi kaɗan-kaɗan, ba a sani ba, sai ranar da za a taka a ji wayam.

Na rufe ido. Ina ganin abin sarai: ina zaune, goyo yana barci, haƙoran tauraro sun kwanta wajen dogon yaro. To amma ina dogon yaron yake? Na tashi na je na tsaya inda nake zaton kututturensa yake, sai na ga bangon shago. Kuma a wancan lokacin hancin motar ƙofa yake kallo ko rijiya? Ƙofar ma ai ba nan take ba. Kuma wace ƙafa ce nake tunawa, wadda na haɗa ko wadda nake dubawa? Na zagaya motar sau uku kamar wancan karon, sai dai yanzu duk inda na je babu mai gaya mini. Safiya tana bina da ido. Ta ce, "Mama, kin tuna?" Na ce ina jin wannan ne na hagu. Ta ce, "Kina ji, ko kin tabbata?" Na ce sa shi. Kwanoni suka shige, duka biyun, ba gardama. Ko wannan bai kwantar mini da hankali ba, don na san za su shige ko daidai ne ko ba daidai ba.

Da aka zo cire iska na hau kujerar direba. Safiya ta shimfiɗa buhu ta kwanta a ƙarƙashi da sifana, ta ce, "Mama, yaushe zan kwance, yaushe zan ɗaure?" Na buɗe baki, sai na ga ban sani ba. Ni takawa na sani, kira ba nawa ba ne. Muna cikin haka sai muka ji murya daga baranda, da ƙarfi, irin ta da.

"Taka. Taka. Taka. Riƙe!"

Ƙafata ta bi kafin in gane. Malam ya taso, ya dafa bayan motar, ya sunkuya yana duban Safiya. "Kwance kaɗan. Ya isa, ɗaure. Saki, Mai-tsafta. Ke kullum sai kin yi saurin saki." Ban taɓa saurin saki ba, amma na ce to. Muka yi ta yi har ƙafa biyu, shi yana kira, ni ina takawa, hawaye yana zubo mini ban san na mene ne ba. Birkin ya yi tauri, ya tsaya kafin gwiwata ta miƙe. Na leƙo ta taga da sauri na ce, "Malam, tauraron hagu, ina haƙoransa ke kallo?" Ya dube ni, ya yi murmushi, ya ce, "Sannu da aiki, baiwar Allah." Ya koma kujerarsa.

Bayan la'asar ruwa ya tsagaita. Safiya ta fitar da motar lungu, ta yi ta kai da kawowa, ta taka ta tsaya, ta taka ta tsaya, ba ƙara, ba jan gefe. Ta fito tana rawa da kafaɗa. "Ya kama! Gobe Yaya zai haɗiye maganarsa. Ke dai ki ce masa yadda Baba ke yi aka yi." Da ta shiga wanke hannu sai na sake hawa kujerar na taka. Ya kama, amma sai da gwiwata ta kusa miƙewa. Na kira ta na ce ko ta ja kujerar baya. Ta ce ta ja, amma ta mayar. Na ce daidai inda take? Ta ce, "Haba Mama, ina jin daidai ne. Ƙafarki ce ta gaji, tun safe kike takawa."

Wataƙila ƙafata ce. Gwiwar ma ba irin ta da ba ce, ni kaina na rage tsawo. Na zauna a motar har aka kira magariba, ina takawa ina saki, kowace takawa da abin da take gaya mini. In na ce wa Yayansu an yi daidai, zai yarda, don ban taɓa yi masa ƙarya ba, motar ta zauna, Juma'a ta dawo mini. Sannan wata Juma'ar, a wata gangara, da Safiya a gaba da ubanta, a taka a ji wayam. In kuma na ce ban tabbata ba, kafin azahar an ɗaure ta da igiya an ja. Na yi salla ban san raka'a nawa na yi ba, sai da na sake.

Da gari ya waye na dama koko na ba Malam, na zare mabuɗin motar daga ƙusa na ƙulle a haɓar zane. Na ɗauki littafin da muke rubutu a aji da fensir, na ce wa Safiya, da ta kwana a gidan, ta kula da Babanta, na tari keke mai ƙafa uku zuwa Tudun Jukun. Baban Ngozi yana wanke baki a ƙofar gida, ya gan ni ya ce, "Maman Safiya, lafiya da sassafe? Ko Malam ne?" Na ce lafiya lau, gawar motarsa na zo gani, Allah ya sa bai taɓa ƙafafun baya ba. Ya ce, "Wa zai saya? Suna nan yadda Bature ya ɗaura su." Ya kori kaji, ya ɗauko guduma, ya yi ta bugun kwanon hagu yana yi masa faɗa da yarensu, har ya saki. Tsatsa ta zubo, da gizo-gizo. Na jawo bulo na zauna, na goge tauraron da bakin mayafi.

Haƙoransa gaba suke kallo. Ni baya na sa su.

Ina zaune a wurin wayata ta yi ƙara. Yayansu ne, ya iso, ga mai gwangwan a ƙofar gida, an nemi mabuɗi an rasa. Na ji bakina yana magana da wata murya da ban san ina da ita ba. Na ce, "Mabuɗi yana wurina. Birkin ba daidai yake ba, ni na kuskure, kuma yanzu na ga inda na kuskure. Ka sallami mutumin nan, ka ba shi haƙuri. Ka cire babbar rigarka, za ka riƙe mana jak. Ranar da na koyi aikin nan kana bayana, yau sai ka gani da ido." Sai ya ce, "To, Mama."

Na buɗe littafin a kan gwiwata, na zana takalma biyu da sifirin dogo da gajere, na zana tauraro da haƙoransa ɗaya bayan ɗaya, ina dubawa ina zanawa. Baban Ngozi ya leƙo ya ce zanen ya fi kama da ƙosai. Na ce ya bar shi, ni na gane. A saman shafin na rubuta HAGU da manyan baƙaƙe, bakina yana motsi, na bi ta kai sau biyu don kar ya goge.